Shin tallafin karatun jami'a a Amurka yana biyan karatun hutun bazara a wata ƙasa?

Baban Safiyya, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan uwa waɗanda suka san yadda tallafin karatu yake gudana a jami'o'in Amurka, musamman iyayen da 'ya'yansu suka taɓa fita karatun dogon hutu zuwa wata ƙasa. Ni malami ne a wata kwaleji a nan Jidda, kuma 'yata ta fari an haife ta ne a Amurka lokacin da nake ƙaro ilimi a can, don haka fasfon ƙasar take riƙe da shi. Yanzu tana shekara ta biyu a wata jami'a mai zaman kanta, inda take samun tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, sannan jami'ar da kanta ta yafe mata kaso mai tsoka na kuɗin makaranta. Da waɗannan biyun da ɗan abin da nake aika mata ake rufa asiri, domin albashin malami shi kaɗai ba zai ɗauki nauyin karatu a can ba.

A bana ta ƙudurta zuwa birnin Amman na ƙasar Jodan a hutun bazara, ta yi mako takwas tana karatun Larabci mai zurfi, saboda digirinta ya haɗa hulɗar ƙasa da ƙasa da harshen Larabci. Shirin ba na jami'arta ba ne. Wata ƙungiya ce mai shirya wa ɗalibai karatu a ƙetare take gudanar da shi, kuma idan aka haɗa kuɗin koyarwa da masauki da tikitin jirgi, lissafin ya haura riyal 30,000. Sun ba ta wa'adin biyan kafin alƙalami don a riƙe mata gurbi, sun kuma bayyana cewa ba a mayar da shi idan mutum ya fasa. Ita tana ganin tallafin da take samu zai bi ta duk inda ta je, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Abin da nake son sani shi ne ko Pell yana biyan irin wannan karatu, da sharuɗɗan da ake gindayawa, da kuma ko rangwamen da jami'a take yi mata zai shiga ciki. Akwai kuma ɗan yayana da ke jami'a ɗaya da ita, wanda ya shiga Amurka da bizar ɗalibai a kan fasfon Najeriya, shi ma yana sha'awar tafiyar, kuma mahaifinsa ya ɗora mini alhakin bincika masa. Allah ya saka da alheri.

Maman Hanan, Riyad

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na yi aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai na wata jami'a a Amurka kafin mu dawo Riyad, kuma wannan tambaya tana cikin waɗanda aka fi kawo mana da zarar an shiga zangon karatu na biyu. Rashin kwanciyar hankalinku yana kan hanya. Tallafin gwamnatin tarayya yana rataye ne da rajistar ɗalibi a jami'arsa ta asali, kuma duk inda wannan igiya ta tsinke, kuɗin ya tsaya.

Dokar ilimi mai zurfi ta Amurka ta 1965, bisa gyaran da aka yi mata a 1992, ta amince a yi amfani da tallafin tarayya wajen karatu a ƙetare, da sharaɗin jami'ar da ɗalibi yake neman digiri a cikinta ta amince da shirin, ta kuma yarda za ta karɓi kiredit ɗin da aka samo, wato ma'aunin darussan da ake ƙirga wa ɗalibi a digirinsa. Wannan amincewa ba ta baki ba ce. Tun da shirin Amman ba na jami'arta ba ne, dole ne a samu rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jami'arta da masu gudanar da shirin, wadda za ta fayyace kuɗin da ake nema, da yawan kiredit, da ranar farawa da ranar gamawa, da kuma wanda zai sanar idan ɗaliba ta daina zuwa aji. Galibin jami'o'i suna da jerin shirye-shiryen da suka riga suka amince da su, kuma idan wannan yana cikin jerin, aikin ya zo da sauƙi. Idan ba ya ciki, sai ta rubuta takardar roƙo ta musamman, kuma jami'a tana da ikon ƙin amincewa ba tare da ta saɓa wata doka ba. Ɗalibin da ya je ya yi rajista da kansa a wata cibiya a ƙetare, ba da hannun jami'arsa ba, ba zai ga ko sisin Pell ba, ko da cibiyar ta fi kowace iya koyarwa. Haka kuma darussan dole su kasance cikin waɗanda digirinta yake buƙata. A nan Safiyya ta yi sa'a, tun da Larabci yana cikin fanninta, amma sai shugaban sashe ko mai ba ta shawara kan karatu ya sa hannu cewa darasi kaza na Amman zai tsaya a madadin darasi kaza na jami'arsu.

Sai kuma sharaɗin ci gaba mai gamsarwa a karatu, wanda suke taƙaitawa da SAP. A mafi yawan jami'o'i ma'anarsa matsakaicin maki kada ya gaza 2.0 cikin 4.0, ɗalibi ya ci kimanin kashi 67 cikin 100 na darussan da ya yi wa rajista, kuma kada ya wuce ninki ɗaya da rabi na tsawon da aka ɗiba wa digirinsa. Ofishin karatu a ƙetare yakan sa nasa ma'aunin da ya ɗara wannan tsanani.

Inda iyaye suka fi shan mamaki shi ne yawan kuɗin. Tun daga shekarar karatu ta 2017/2018 aka dawo da damar karɓar Pell a bazara, ta yadda ɗalibi zai iya samun har kashi 150 cikin 100 na rabonsa na shekara, wato zango biyu na al'ada da kuma na bazara. To amma ana auna abin da za a ba shi da yawan kiredit ɗin da ya ɗauka, kuma cikakken lokaci a lissafinsu kiredit 12 ne. Mafi girman Pell a shekarar karatu ta 2025/2026 dala 7,395 ne, rabon zango guda ke nan ya kama kusan dala 3,698. Idan shirin mako takwas ya ba ta kiredit 6, rabin wannan za ta samu, wato wajen dala 1,849, wanda a canjin riyal 3.75 kan kowace dala bai wuce riyal 6,900 da 'yan kai ba. Wannan kuwa idan tana karɓar mafi girman rabo ke nan. Ku ɗora shi a kan riyal 30,000 da kuka ambata, za ku ga bai kai rubu'i ba. Sannan Pell yana da iyaka a tsawon rayuwar ɗalibi, daidai da zango 12 na cikakken karatu, kuma abin da aka ci a bazara ana cire shi daga wannan jimla. Ga wadda za ta gama cikin shekara huɗu wannan ba abin damuwa ba ne.

Akwai wani abu game da fom ɗin FAFSA, wato takardar neman tallafin gwamnatin tarayya, da ba kowa ya sani ba. Shekarar tallafi tana farawa ranar 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, don haka bazara ta faɗo a tsakanin shekaru biyu, kuma kowace jami'a ce take yanke hukuncin ko za ta lissafa ta a matsayin wutsiyar shekarar da ke ƙarewa ko kan wadda ke shigowa. Mafi aminci shi ne ta tabbatar an cike fom ɗin shekarun biyu. Jami'o'i da dama kuma suna da wani fom na daban na neman tallafin bazara, mai nasa wa'adin, wanda ba a tura wa ɗalibi sai ya nema.

Game da rangwamen jami'a, ina ba ku shawara kada ku sa rai sai kun gani a rubuce. Irin wannan kyauta yawanci zango takwas aka ɗiba mata, na kaka da na bayan sabuwar shekara, kuma jami'a ba ta cika son fitar da kuɗinta ta miƙa wa wata ƙungiya ba. Ta ɗauko takardar da aka ba ta lokacin da aka ɗauke ta, ta karanta sharuɗɗan da ke ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Ko da an amince da komai, kuɗin ba ya zuwa da wuri. Dokar tarayya ba ta yarda a saki tallafi ba sai ana saura kwana 10 a fara darasi, kuma a aikace sau da yawa sai an fara ɗin. Kafin alƙalami da tikiti da inshorar lafiya duk daga aljihunku za su fita tun da watanni. Biyan kuɗin da ba a mayarwa kafin ofishin tallafi ya ba ta ƙiyasi a rubuce cinikin biri a sama ne, kuma na ga iyalan da suka yi asararsa a haka.

Abu Usama, Madina

Malam, ina yi maka fatan alheri, amma ni tun daga tushe nake da ja. Yarinyar da iyayenta suke Jidda, me zai kai ta Amman neman Larabci da riyal 30,000? Ta zo gida ta yi hutunta a gaban mahaifiyarta, a samo mata malama ta zaunar da ita a kan nahawu da sarfu da insha'i, ga kuma Larabci a kasuwa da masallaci da maƙwabta. Mu da muka zo Jami'ar Musulunci ta Madina daga Kano da Sakkwato da Damagaram, da yawanmu a cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne muka fara, kuma ba mu ga abin da ya gagare mu ba. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, Khartum ma ta ishi mai neman Larabci, kamar yadda ɗalibanmu na Jami'ar Afirka ta Duniya za su shaida.

Abin da ya fi damuna shi ne, bayanin Hajiya ya nuna akwai giɓi babba, kuma na san abin da ofisoshin can suke miƙa wa ɗalibi don cike giɓi, wato rance mai kuɗin ruwa. Ina roƙonka da ka yi nesa da wannan, domin karatun hutu ba lalura ba ne da za a ce ta halatta abin da aka hana.

Ɗan Jarwal, ɗalibi a Amurka

Baba, barka da ƙoƙari. Iyayena suna Makka, ni kuma ina shekarar ƙarshe a nan, kuma na yi karatun bazara a Maroko da tallafi, don haka zan ƙara a kan abin da Mama ta bayyana, ta ɓangaren kuɗin da ba a biya.

Tun da Safiyya 'yar ƙasa ce kuma tana karɓar Pell, ta cika manyan sharuɗɗan neman tallafin Gilman, wanda Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka take bayarwa ga masu digirin farko da ke karɓar Pell don su yi karatu a ƙetare. Yana kaiwa har dala 5,000, wato riyal 18,750, kuma mai karatun harshen da suke ɗauka da muhimmanci, irin Larabci, yana iya neman ƙarin da ya kai dala 3,000. Ba kowa ake ba cikakken adadin ba, gasa ce, kuma rubutun da ɗalibi ya yi a kan dalilin tafiyarsa shi ne yake ɗaga shi ko ya kayar da shi. Ana rufe karɓar takardu sau biyu a shekara, a Oktoba da Maris. Kafin takardar ta wuce sai jami'ai biyu sun tabbatar da ita, na ofishin karatu a ƙetare da na ofishin tallafi, wanda ke nufin shi ma Gilman ba ya yiwuwa sai shirin ya zama wanda jami'a za ta karɓi kiredit ɗinsa. Wanda ya samu kuma yana da alkawarin gudanar da wani ɗan aikin wayar da kai bayan ya dawo.

Akwai kuma shirin koyon harsuna mai suna CLS na wannan ma'aikata, wanda ya fi kowanne sauƙi ga aljihun iyaye, domin su ne suke biyan tikiti da masauki da koyarwa gaba ɗaya na kimanin mako takwas, kuma sun saba kai ɗaliban Larabci Jodan da Maroko da Oman. Ba a buƙatar Pell, amma sai ɗan ƙasa, kuma a Nuwamba ake rufe nema don bazarar da ke tafe. Idan ta makara a bana, ni a ganina ya fi ta jinkirta zuwa baɗi ta nemi wannan da Gilman tare, tun da tana da sauran bazara ɗaya kafin shekarar ƙarshe.

Yadda abin yake a aikace, akwai wata takarda mai layuka da ake ba ɗalibi, a hagu ya rubuta sunan darasin can, a dama lambar darasin jami'arsa da zai maye gurbinsa, a ƙarshen kowane layi kuma akwai gurbin sa hannun malamin sashe. Malamin da ya duba tawa bai sa hannu ba sai da na kawo masa cikakken manhajar darasin, ya ƙirga sa'o'in aji, sannan ya soke layi ɗaya da biro ya ce darasin karin harshen Maroko ba zai tsaya a madadin Larabcin fusha ba, sai dai a lissafa shi cikin darussan zaɓi. Wannan layi ɗaya yana iya sauya yawan kiredit ɗin da ofishin tallafi zai yi lissafi da shi, don haka ta fara da wannan takarda kafin komai.

Ta kuma riƙa duba matakin gargaɗin tafiye-tafiye da gwamnatin Amurka take sa wa kowace ƙasa, daga 1 zuwa 4. Gilman da jami'o'i da yawa suna ɗaure amincewarsu da wannan mataki, kuma a yankinmu yana iya hawa cikin dare ɗaya. Sudan da Malam Abu Usama ya ambata tana mataki na 4, babu jami'ar da za ta sa hannu a kanta a yanzu. Ta tambayi masu shirin a rubuce abin da zai faru da kuɗinta idan jami'arta ta janye amincewa bayan ta biya.

Baban Safiyya, Jidda

Na gode ƙwarai, Hajiya, lissafin da kika yi ya buɗe mini ido fiye da duk abin da na karanta a shafin jami'ar. Ɗana na Jarwal, Allah ya yi albarka, na tura mata bayaninka yadda yake.

Malam Abu Usama, maganarka tana da nauyi a wurina, kuma mahaifiyarta ma ra'ayinku ɗaya. Sai dai yarinyar a makarantar Turanci ta yi karatu a nan, Larabcinta na Hijaz ne na hira, ba na rubutu da muhawara ba, kuma abin da take nema shi ne kiredit ɗin da zai rage mata darussa biyu daga cikin waɗanda digirinta ya wajabta. Malamar gida za ta koya mata, amma ba za ta ba ta takardar da jami'a za ta karɓa ba. A kan rance kuwa ba mu da saɓani, ban taɓa bari ta karɓa ba. Duk da haka ina so Hajiya ta yi mana bayanin yadda yake, saboda na san za a gabatar mata da shi, kuma gara ta san abin da take ƙi. Har yanzu kuma ina jiran mai haske a kan ɗan yayana.

Injiniya Abu Khalil, Dammam

Malam, batun yaron ya sha bamban da na Safiyya, kuma ina ganin kuɗi ne ƙaramar matsalarsa. Mai bizar ɗalibai ta F-1 ba ya cikin waɗanda gwamnatin tarayya take tallafawa, ba Pell, ba rance, ba Gilman, ba CLS. Waɗannan na 'yan ƙasa ne, wasunsu kuma har da masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijira. Abin da ya rage masa shi ne asusun jami'ar kanta, domin ofishin karatu a ƙetare da sassan koyarwa sukan ware ɗan abin da suke rabawa ba tare da duba fasfo ba, sai kuma rangwamen da ƙungiyoyin da ke shirya tafiyar suke yi. Shirin da malamin jami'arsu yake jagoranta da kansa shi ya fi dacewa da irinsa, saboda kuɗin yana zagayawa ne a cikin gida.

Babban abin dubawa shi ne komawarsa. Fita daga Amurka ba ta da wuya, amma shiga tana buƙatar biza mai rai a fasfo da takardar I-20, wato shaidar ɗalibta da jami'a take bayarwa, wadda jami'in kula da ɗaliban ƙetare ya sa wa hannun tafiya, kuma wannan sa hannu shekara ɗaya yake aiki. Ɗalibi yana iya zama a cikin ƙasar bisa ƙa'ida ko da bizar da ke fasfonsa ta ƙare, matuƙar yana karatu kuma takardunsa suna daidai, amma da zarar ya sa ƙafa waje sai ya sake neman sabuwa. A Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Najeriya ya sanar cewa mafi yawan bizar da ba ta zama ba da za a riƙa ba 'yan Najeriya za ta koma ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, ko da yake waɗanda aka bayar kafin sanarwar suna nan yadda suke. Saboda haka a buɗe fasfonsa a duba ranar da aka ba shi, da ranar ƙarewa, da ko ta shiga sau da yawa ce, sannan ya zauna da jami'in ɗaliban ƙetare ya ji halin da dokokin suke ciki a ranar, domin suna sauyawa da sauri. Ni da ɗana ne, ba zan bari mako takwas su jefa digiri gaba ɗaya cikin haɗari ba. Ga kuma bizar ƙasar da za a je, wadda Safiyya da fasfon Amurka za ta samu a filin jirgi, shi kuwa sai ya nema tun kafin tafiya. Idan Larabcin yake so, akwai makarantun bazara a cikin Amurka, kamar ta Middlebury, inda ɗalibai suke ɗaukar alkawarin ba za su yi magana da wani harshe ba sai wanda suke koyo har su gama.

Ga 'yan uwanmu Hausawa 'yan ƙasar Saudiyya da 'ya'yansu suke karatu a can ƙarƙashin shirin tallafin karatu na Hadimin Masallatai Biyu, wanda aka fara a 2005 zamanin Sarki Abdullah, su ma kada yaro ya yi rajistar wani karatu a wajen jami'arsa sai ya sami amincewar mulhaƙiyya, wato sashen ofishin jakadancin Saudiyya da ke kula da shi.

Maman Hanan, Riyad

Malam, game da rancen, zan faɗi yadda yake, hukuncinsa kuma na bar wa malamai. Ɗalibar shekara ta biyu da ke ƙarƙashin iyayenta tana da iyakar dala 6,500 a shekara, wanda dala 4,500 daga ciki na iya zama irin wanda gwamnati take ɗauke kuɗin ruwansa muddin tana makaranta da kuma wata shida bayan ta gama, sauran kuwa ruwansa yana fara taruwa tun ranar da aka sake shi. Ko wanne iri ne ana cire kuɗin hidima kimanin kashi 1 cikin 100 tun daga farko, kuma ba a bayar da shi sai ga mai rajistar aƙalla rabin lokaci, wato kiredit 6 a yawancin wurare. Bazara ba ta da nata rabon na daban, daga na shekara ake gutsura. Rancen iyaye da ake kira PLUS kuwa bai shafe ku ba, saboda sai uba ko uwa sun kasance 'yan ƙasa ko masu zama na dindindin. Za ta ga rancen a jere tare da Pell a shafinta na jami'a, kowanne da wurin karɓa ko ƙi, kuma ƙin rance ba ya taɓa Pell ɗinta ko kaɗan. Aikin da gwamnati take biyan ɗalibai a harabar jami'a shi ma kada a sa shi a lissafi, don ba ya bin mutum ƙetare.

Abin da ya kamata ta nema daga ofishin tallafi shi ne su sake mata ƙiyasin kuɗin karatu na bazara ya haɗa da tikiti da masauki da abinci da inshora, saboda jimlar duk tallafin da za ta karɓa ba ta da izinin wuce wannan ƙiyasi. Idan aka bar shi ƙarami, sai ta ci Gilman ko wata kyauta daga waje, ofis yana iya rage wani abu don daidaitawa. Wajibi ne kuma ta sanar da su duk kyautar da ta samu.

Kada a manta da hukuncin janyewa. Idan ɗaliba ta bar shiri kafin ta cinye kashi 60 cikin 100 na kwanakinsa, ana lissafa abin da ba ta cancanta ba a mayar wa gwamnati, jami'a kuma ta juyo ta neme shi a wurinta. A shirin mako takwas wannan iyaka tana faɗowa ne a ƙarshen mako na biyar, don haka rashin lafiya ko wani uzurin gida da zai dawo da ita Jidda kafin nan yana iya barin ku da bashi a ɓangare biyu, tun da masu shirin ma ba lalle su mayar da nasu ba. Ku karanta abin da inshorar tafiyar ta ce a kan wannan.

Na yarda da shawarar yaron nan ta jinkirtawa zuwa baɗi idan wa'adin Gilman ya wuce, sai dai ta fara tambayar sashenta ko darussan biyu da take son saukewa sharaɗi ne na shiga wasu darussan shekara ta uku, domin idan haka ne jinkirin yana da nasa farashin. Ta kuma tambayi masu shirin wace jami'a ce take fitar da takardar sakamako a madadinsu, da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta iso. Sakamakon ƙetare yakan makara har a shiga zangon kaka, kuma wasu ofisoshin suna riƙe tallafin sabon zango sai sun ga shaidar cewa an kammala darussan bazarar da suka biya.